Kastelorizo: Ƙaramin Tsibirin da Ake Kira "Mafi Girma"

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a ajin nazarin sunaye ya san cewa sunan gari ba ya faɗowa daga sama. Wasu mutane ne suke raɗa shi a wani zamani bisa wani dalili, kuma sau da yawa sunan yakan wanzu bayan masu raɗin da dalilin nasu duk sun shuɗe. Wannan ne ya sa na ga ya dace in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai labarin wani ɗan tsibiri na ƙasar Girka wanda girmansa kimanin murabba'in kilomita 9 ne, mazaunansa kuma ba su kai 600 ba, amma duk da haka sunansa a takardun hukuma Megisti, wato "Mafi Girma". A bakin jama'a kuwa an fi saninsa da Kastelorizo.

Na yi kwana shida a wannan tsibiri cikin watan Oktoba na 2022, bayan an tashi daga wani taron nazarin harsuna da na halarta a tsibirin Rodos. Na isa ne daidai lokacin da kakar baƙi ta zo ƙarshe, ana ta naɗe rumfuna ana kulle gidaje. Hausawa na cewa gani ya kori ji, to abin da na gani ya bar ni da wata tambaya da har yau nake juya ta a raina: idan mutanen gari suka watse, me ke riƙe garin? Masu tuna shi daga nesa ne, ko masu ziyartarsa da rani, ko kuwa 'yan tsirarun da suka ƙi tashi? A wannan ɗan rubutu zan bi ta kan yanayin ƙasar tsibirin da sunayensa da tarihinsa da kuma harkar yawon buɗe ido, sannan in faɗi inda ra'ayina ya tsaya.

Inda Tsibirin Yake

Kastelorizo yana gabashin Bahar Rum, kuma babu wani gari na ƙasar Girka da ya kai shi nisa ta gabas. Tsakaninsa da Atina, babban birnin ƙasar, akwai kimanin kilomita 570. Tsakaninsa da Rodos, wanda shi ne babban tsibirin Girka mafi kusa da shi, akwai kimanin kilomita 125, tafiyar da ta ci mana wajen awa huɗu a jirgin ruwa. Amma gaɓar ƙasar Turkiyya kilomita 2 kacal take daga gare shi. Da dare mutum yana iya zama a bakin ruwa yana kallon fitilun garin Kash na Turkiyya da na motocin da ke gangarowa daga dutse, kuma sau da dama wayata takan bar layin Girka ta kama na Turkiyya ba tare da na motsa daga kan kujerata ba.

Tsawon tsibirin kimanin kilomita 6 ne, faɗinsa kuma 3. Kusan dukkansa dutse ne irin wanda ake ƙonawa a yi farar ƙasa, kuma tudu mafi tsawo a cikinsa, wanda ake kira Vigla, ya kai kimanin mita 270. Babu kogi, babu gonakin a zo a gani, sai 'yan itatuwan zaitun da awaki. Yanayinsu ya saɓa wa namu, domin ruwan sama da hunturu yake sauka musu, rani kuwa zafi ne da fari. Saboda haka mutanen dā suka riƙa haƙa tankunan ƙasa suna tara ruwan sama, daga baya aka riƙa kawo ruwa da jirgi daga Rodos, yanzu kuma ana tace na teku a cire gishirinsa.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kai mutane zama a irin wannan busasshen dutse? Amsar ita ce tashar jiragen ruwa. Allah Ya tsaga tsibirin ta gefen da ke kallon Turkiyya, ruwa ya shigo ciki mai zurfi, duwatsu suka kewaye shi kamar kofaton doki suka tare iska. A zamanin jiragen ruwa masu tafiya da iska, irin wannan mafaka ta fi gona daraja. Gari guda ne tak a tsibirin, kuma a kewayen wannan tasha aka gina shi.

Sunayen Tsibirin

Ga mu ɗaliban harshe, nan ne labarin ya fi daɗi. Sunan Megisti tsohon Girkanci ne, daga kalmar megas mai nufin babba, kuma an riga an san tsibirin da shi tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa. Kalmar tana ɗauke da ƙarshen jinsin mace, domin kalmar tsibiri a tsohon Girkanci, wato nisos, mace ce. An kira shi mafi girma ne saboda shi ne babba a cikin ƙananan tsibiran da ke kewaye da shi, irin su Ro da Strongili. A garken da babu sa, ɗan maraƙi ma babba ne. Abin dariyar shi ne, a yau ana lissafa shi cikin rukunin tsibiran da ake kira Dodekanisa, kuma yana cikin mafi ƙanƙanta a cikinsu.

Sunan Kastelorizo kuwa ya zo ne daga baya, kuma masana sun rabu a kan asalinsa. Ra'ayin da ya fi yaɗuwa shi ne daga Italiyanci ya fito, castello rosso, wato jar ganuwa, saboda ganuwar da aka gina a kan jan dutsen da ke bakin tashar. Wasu kuma suna ganin rabin kalmar na biyu Girkanci ne, daga riza mai nufin saiwa ko gindi, wato ganuwar gindin dutse. Waɗanda suka mulki tsibirin dai ma'anar farko suka ɗauka: Italiyawa suka rubuta Castelrosso, Faransawa suka fassara shi zuwa Château Rouge, Turkawa ma suna da nasu fassararren, Kizilhisar. Sai dai sunan da Baturke yake amfani da shi yau da kullum shi ne Meis, wanda ba komai ba ne illa tsohon sunan nan Megisti da bakin Turkawa ya tauna ya gajarta. Wato maƙwabcin da ake ganin abokin gaba ne, shi ne ya fi riƙe sunan asali a bakinsa. Har ila yau, kalmar kash a Turkanci gira take nufi, shi ya sa mutanen gaɓar can sukan ce garinsu gira ne, tsibirin kuma ido.

Zamanin Wadata

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sunaye sawun wani mai mulki ne. A gefen dutsen da ke ƙarƙashin ganuwa akwai wani kabari da aka sassaƙa a jikin dutse tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, irin na mutanen Likiya da suka zauna a gaɓar da ke tsallake. Bayan Girkawan dā da Rumawa, a 1306 mayaƙan Kirista na ƙungiyar Waliyyi Yohanna suka kama tsibirin a kan hanyarsu ta cin Rodos, kuma su ne suka gina ganuwar da ta ba shi suna. A 1440 rundunar sarkin Masar ta rushe ta, sarkin Nafoli na Italiya ya karɓe wurin ya sake gina ta, sannan a farkon ƙarni na 16 tsibirin ya shiga hannun Daular Usmaniyya ta Turkawa. Mutanen Banis sun sake rusa ganuwar a 1659, amma mulkin Turkawa ya ci gaba har farkon ƙarni na 20. A bakin tashar har yanzu akwai masallacin da aka gina a 1755, da hasumiyarsa da jar ƙubbarsa. Ba a salla a cikinsa yanzu, an mai da shi gidan adana kayan tarihi.

A ƙarƙashin Turkawa ne tsibirin ya yi arziki. Mazaunansa Girkawa Kiristoci ne, suna biyan haraji a bar su su tafiyar da al'amuransu. Suka ƙera jiragen ruwa suna ɗauko katako da gawayi daga dazuzzukan gaɓar Turkiyya suna kaiwa Iskandariyya ta Masar, su dawo da hatsi da sauran kaya. Da yawansu suna da gonaki da shaguna a garuruwan tsallake. A ƙarshen ƙarni na 19 an ƙiyasta mutanen tsibirin sun kai wajen 10,000. A gidan tarihin na tsaya na daɗe a gaban wani tsohon hoto na tashar: jirage sun cika ruwa, gidaje sun hau dutse ɗaya bisa ɗaya har ba a ganin ƙasa. Al'adarsu ce uba ya gina wa kowace 'yarsa gida kafin ya aurar da ita, wannan ya sa kowane taƙi na fili aka gine shi, gidajen sirara masu hawa biyu ko uku. A wannan zamani ne aka gina babbar majami'arsu a 1835, da ginshiƙan da aka ɗauko daga tsohon birnin Patara da ke tsallake, aka kuma gina makarantar Santarafiya a 1903 da kuɗin wani attajirin ɗan garin mai suna Lukas Santarafes, wanda ya yi arziki a Masar.

Yadda Gari Ya Watse

Watsewar ba rana ɗaya ta zo ba. Da farko jiragen ruwa masu inji suka karɓe kasuwar masu tafiya da iska, kuma jirgi mai inji ba ya bukatar ya raɓe a ƙaramar tasha. Bayan juyin juya halin 1908 a Turkiyya aka soke rangwamen da tsibirin yake samu, aka fara ɗaukar Kiristoci aikin soja, samari suka fara ficewa. A 1913 mutanen garin suka yi tawaye suka kori jami'an Turkawa da fatan za a haɗe su da Girka, amma hakan bai samu ba. A ƙarshen 1915 Faransa ta mamaye tsibirin, Turkawa suka riƙa yi masa ruwan igwa daga tsallake, har a watan Janairu na 1917 suka nutsar da wani jirgin yaƙin Ingila mai suna Ben-my-Chree a cikin tashar. A 1921 Faransa ta miƙa wa Italiya. A 1923 aka yi musayar jama'a tsakanin Girka da Turkiyya, Girkawan garuruwan tsallake suka tashi, tsibirin ya rasa gonakinsa da dajinsa da kasuwarsa gaba ɗaya. A 1926 kuma girgizar ƙasa ta rushe gidaje masu yawa.

Abin da ya rage Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙarasa shi. Da Italiya ta miƙa wuya a watan Satumba na 1943, sojojin Ingila suka shiga tsibirin, jiragen Jamus suka bi su da bamabamai. Aka kwashe mutanen garin zuwa Saifurus, daga nan aka kai mafi yawansu sansanin Nusairat da ke yankin Gaza a Falasɗinu, wurin nan da muka riƙa jin sunansa a labarai tun daga 2023. A watan Yuli na 1944, babu masu gari a gari, ma'ajiyar mai ta sojoji ta kama da wuta, gobarar ta cinye kusan rabin gidajen. Da yaƙi ya ƙare, a ranar 29 ga Satumba, 1945, jirgin Empire Patrol da ya ɗauko kusan mutum 500 daga Fot Sa'id ta Masar zai mai da su gida ya kama da wuta a teku, mutum 33 suka rasu. Waɗanda suka tsira suka iso suka tarar da kufai. Lokacin da aka haɗe tsibirin da ƙasar Girka a hukumance ranar 7 ga Maris, 1948, abin da kakanninsu suka nema tun 1913 ya samu, amma masu murnar 'yan ɗaruruwa ne.

Waɗanda Suka Tafi

Mafi yawan waɗanda suka bar Kastelorizo ƙasar Ostireliya suka nufa, musamman biranen Perth da Sidni da Melbon. Tun a 1912 suka kafa ƙungiyarsu a Perth. A yau zuriyarsu a can dubun dubata ce, kuma suna kiran kansu Kazzi, gajartaccen sunan tsibirin a bakin masu Ingilishi. Daga cikinsu akwai Ken Michael, wanda ya yi gwamnan Yammacin Ostireliya daga 2006 zuwa 2011, da kuma iyalin Paspaley da suka shahara a cinikin lu'ulu'u.

Na haɗu da ɗaya daga cikin waɗannan jikoki a wurin shan shayi a bakin ruwa, wani dattijo da ya haura sittin, haifaffen Perth. Yana riƙe da kwafin takardar auren kakarsa, wadda aka lissafa gidan da ubanta ya ba ta da iyakokinsa, yana so ya gano filin ya sake ginawa. Ya shimfiɗa takardar a kan teburi, ya ce mini shi ba ya iya karanta ko layi ɗaya a ciki, sai da ya biya wani ya fassara masa. Na tambaye shi Girkanci nawa ya rage a gidansu. Ya yi dariya ya fara ƙirgawa da yatsu: yaya, wato kaka mace, da papu, wato kaka namiji, da gaisuwa, da zagi biyu ko uku, sai sunayen abinci irin su katumari da strava, waɗanda kayan zaƙi ne na tsibirin. Ya ce jikokinsa kuwa abincin kawai suka sani.

Mun karanta a aji cewa harshen baƙi yakan mutu a baki na uku, wato kaka yana jin harshen gida kawai, ɗa yana jin biyu, jika kuma na sabuwar ƙasa kaɗai. Ga shi na gani a zaune a gabana. Mutumin nan yana ƙaunar tsibirin ƙauna ta gaskiya, ya tsallako rabin duniya dominsa, yana shirin zuba kuɗin fanshonsa a cikinsa. Amma da ma'aikacin wurin ya zo karɓar kuɗi, da Ingilishi suka yi magana, kamar yadda ni baƙo na yi.

Wadda Ta Zauna

Akwai wata mace da kowane ɗan makaranta a Girka ya san labarinta. Sunanta Despina Akladiyoti, an haife ta a 1890, kuma ana yi mata laƙabi da Uwargidan Ro. Ro wani ɗan dutse ne a teku yamma da Kastelorizo. A 1927 ta koma can da mijinta suna kiwon awaki. Mijin ya rasu a 1940, daga baya mahaifiyarta ma ta rasu, ta ci gaba da zama ita kaɗai. Kimanin shekara 40 ta yi tana ɗaga tutar Girka kowace safiya tana sauke ta da faɗuwar rana, a inda ake hangenta daga gaɓar Turkiyya. Ta rasu a 1982, aka binne ta a Ro da girmamawar soja.

Hukuma ta ɗauki labarinta a matsayin na kishin ƙasa, kuma akwai dalili. Girka tana cewa tsibiranta suna da haƙƙin ruwa da arzikin ƙarƙashin teku kamar kowace ƙasa, bisa yarjejeniyar dokar teku ta 1982. Turkiyya ba ta sa hannu a wannan yarjejeniya ba, kuma tana cewa ɗan tsibirin da ke bakin ƙofarta ba zai tare mata teku ba. A watan Agusta na 2020 rikicin ya yi zafi lokacin da jirgin binciken Turkiyya mai suna Oruc Reis ya shiga ruwan da ke kudu da tsibirin tare da rakiyar jiragen yaƙi. A irin wannan jayayya, tsibirin da mutane ke zaune a kansa suna neman abinci ya fi wanda babu kowa ƙarfin hujja. Saboda haka kowane mutum da ya kwana a Kastelorizo da hunturu yana yi wa ƙasarsa wani aiki, ko ya sani ko bai sani ba.

Tsohuwar da na sauka a gidanta ba ta kallon abin haka. Ina kiranta kiriya, wato uwargida, ita kuma tana ce mini pedi mu, wato ɗana. Da na yi mata maganar Turkiyya sai ta ɗaga kafaɗa. Ta ce, da ɗan Ingilishin da take ji, "Ɗana, ranar Juma'a a Kash nake sayen tumatir. Minti ashirin ne a jirgi. Rodos kuwa idan teku ta tashi sai mu yi kwanaki ba mu ga jirgi ba." Ta ce abin da ke damunta shi ne likita, da mata masu ciki da sai sun tafi Rodos su haihu, da kuma yaran da suke gama makaranta su tafi Atina ba su dawo ba. Ta nuna mini layinsu da hannu tana ƙirga gidajen da za a ga fitila a cikinsu a watan Janairu. Gida goma sha ɗaya ne a layin, ta tsaya a uku.

Yawon Buɗe Ido

Abin da ya dawo da sunan tsibirin bakin duniya fim ne. A 1991 wani Ba'italiye mai shirya fim, Gabriele Salvatores, ya fitar da Mediterraneo, labarin wasu sojojin Italiya da aka manta da su a wani tsibirin Girka lokacin yaƙi. A Kastelorizo aka ɗauke shi, kuma ya ci kyautar Oscar a 1992. Daga nan Italiyawa suka fara zuwa. Kafin wannan an buɗe ƙaramin filin jirgin sama a 1986. Jikokin Ostireliya ma suka fara dawowa suna gyara gidajen kakanni, suna shafa musu fenti ja da rawaya da shuɗi, har bakin tashar ya zama abin da masu ɗaukar hoto ke rububinsa. A gaban waɗannan gidaje ne firaministan Girka, Yorgos Papandreu, ya tsaya ranar 23 ga Afrilu, 2010, ya sanar wa duniya cewa ƙasarsa ta nemi agajin bashi daga Tarayyar Turai da Asusun Ba da Lamuni na Duniya.

Akwai kuma wata rana da ta haɗa mu da su. Ranar 29 ga Maris, 2006, an yi cikakken husufin rana. Ina ƙaramin yaro a Shaki ta Jihar Oyo lokacin da gari ya yi duhu da hantsi, kaji suka nufi akurki. Inuwar nan ta wuce ta Gusau da Katsina, ta ratsa Nijar da Libiya, ta tsallaka Bahar Rum, bayan kimanin awa ɗaya da rabi ta sauka a kan Kastelorizo, wanda shi kaɗai ne garin Girka da ya ga cikakken husufin. Tsohuwar ta ce ba ta taɓa ganin baƙi sun cika garin kamar ranar ba. Da na gaya mata inuwar ta kanmu ta fara bi kafin ta iso gare su, sai ta kira maƙwabciyarta ta maimaita mata.

Wanda ya je yau ba zai sami rairayin bakin teku ba, domin babu shi. Daga bakin titi mutane ke sauka ruwa ta tsani, kuma manyan kunkurun teku suna yawo a cikin tashar har gindin teburan masu cin abinci. Akwai matakala kimanin 400 da aka sassaƙa a jikin dutse bayan gari, wadda ke kai mutum sama inda zai hangi tashar da Turkiyya gaba ɗaya. Abin da ya fi jan baƙi shi ne Shuɗin Kogo da ke kudu maso gabashin tsibirin. Ƙofarsa ba ta fi mita ɗaya tsawo daga kan ruwa ba, sai mun kwanta a cikin kwalekwale mai tuƙi ya tura mu ciki. Hasken safiya yana shiga ne ta ƙarƙashin ruwa, sai kogon duka ya koma shuɗi kamar an zuba baba a marina. Haka kuma akan yi gasar ninƙaya tsakanin tsibirin da garin Kash, tazarar kimanin kilomita 7, Girkawa da Turkawa a ruwa ɗaya.

Ba zan rage wa wannan harka daraja ba. Ita ce ta sa aka yi wa kufai rufi, ita ce ke biyan mai kwalekwale da mai gidan abinci, kuma ƙidayar 2021 ta nuna mutanen sun ƙaru a kan 492 da aka samu a 2011. Amma daga saman matakalar nan na ga abin da hotuna ba sa nunawa. Bayan layi biyu ko uku na gidaje masu fenti, sauran gangaren dutsen duk tushen gine-gine ne da ciyawa ta rufe. Gidajen da aka gyara ma, mafi yawansu wata biyu ko uku ake kwana a cikinsu a shekara. A kwana shidan da na yi, kullum sai na ga an ƙara rufe tagogin wani gida da katako, mai shi ya ja akwati ya nufi jirgi.

Kammalawa

Bayan duk wannan, ga inda ra'ayina ya tsaya. Masu tuna Kastelorizo daga Ostireliya sun ba shi kuɗi da suna, kuma ba don su ba da yawancin gidajen nan har yau kufai ne. Masu zuwa da rani sun ba shi sana'a. Amma a ganina waɗanda suke riƙe da garin su ne mutanen gida ukun nan na layin tsohuwa da ire-irensu, masu jure wa hunturu da rashin jirgi da rashin asibiti. Safiyar da zan tafi na bi ta gaban makarantar Santarafiya, na ji yara a tsakar gida suna faɗa a kan ƙwallo da Girkanci. Ba su da yawa, amma su kaɗai na ji a tsibirin suna amfani da harshen ba domin gaisuwa ko ciniki ko tuna baya ba.

Darasin da ke nan ga ɗalibin harshe shi ne suna yana da tsawon rai fiye da harshe. Megisti ya haura shekara 2,300, ya ratsa bakin Girkawa da Rumawa da Turkawa, kuma zai ci gaba da zama a taswira ko da babu kowa a kan dutsen. Harshe kuwa sai da bakin yara. Saboda haka ina ba 'yan'uwana shawara, duk wanda aka tura aikin tattara sunayen garuruwa da unguwanni, bayan ya tambayi dattawa ma'anar suna da wanda ya raɗa shi, ya ƙara da tambayar gida nawa ne ake kwana a cikinsu duk shekara, sannan ya tsaya a bakin makarantar garin lokacin tashi ya saurari harshen da yara ke faɗa da shi. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.